Tafi Biyu Daga Jan Layi

Sunansa Penbuyi. Da sunan na fara, domin shekara ashirin da huɗu ke nan ba wanda ya faɗe shi da ƙarfi a mafasar dutse ta Suwenet, kuma ni ne sanadi. Ƙanin matata ne. Ita Tameket ta rasu bara, lokacin da kogi ya fara janyewa, kuma da tana da rai da ba mai jin wannan labari daga bakina.

A tsibirin Abu aka haife shi, ɗan wani mai fito wanda bai mallaki komai ba sai kwalekwale da baki. Bakin ne Penbuyi ya gada. Yana saurayi igiyar janyo dutse ta tsinke ta make shi a kafaɗar hagu, ƙashin ya haɗe yadda ya ga dama. Tun daga nan in yana tafiya sai ka ce wani abu yake leƙe a ƙarƙashin gado. Karkatacce kowa ke ce masa, kuma ni na raɗa masa, ranar da na je neman auren yayarsa na tarar da shi ya tare ƙofa yana cin ɗanyar albasa.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne mai son Yaya? Sannu da ƙarfin hali. Mu da muka tashi gida ɗaya da ita har yanzu a tsorace muke."

Na ce, "Karkatacce, matsa min in wuce."

"Wuce, mijin Yaya. Amma ka lura da hanyar fita, za ta yi maka amfani."

Ni Seba, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba daga ranar. Mijin Yaya ne, ko a gaban manya.

Shekara goma sha ɗaya muka yi kafaɗa da kafaɗa a rami. Tagulla ba ta cin jan dutsen Suwenet, ka kafa masa ita sai bakinta ya lanƙwashe. Daka shi ake yi. Mutum ya durƙusa a cikin rami, ya ɗaga dunƙulen baƙin dutsen nan da ake kawowa daga kwarin hamada, ya sake shi, ya sake ɗagawa, tun hantsi har rana ta karkata, sannan ya share garin da tafin hannu ya ga bai ci kaurin farce ba. Haka ake zagaye ginshiƙi da rami har a shiga ƙarƙashinsa a raba shi da uwarsa. Don kada a yi rigimar wuri, mai igiya yakan tsoma igiya cikin jar ƙasa ya buga layi a bangon rami daga sama zuwa ƙasa, layi nan, layi can, tsakaninsu wurin mutum ɗaya. Abin da ke tsakanin layukanka naka ne, da alherinsa da sharrinsa. Ni ina hagu, Penbuyi yana damana, jan layi ɗaya ya raba mu.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ya fi ni aiki, ya fi kowa. Da kafaɗarsa ɗaya da rabi yakan riga mu zurfi, yana yi yana rera waƙar zambo. Mu ƙarfi muke sawa, shi kuwa sakin dunƙule yake yi ya bar nauyinsa ya yi aikin, ya cafe shi in ya yi tsalle, ya ɗan juya shi kafin bugu na gaba don kada gefe ɗaya ya cinye. Saboda kafaɗar nan kuma, duk ƙananan guraben da dakansa ke bari a ƙasan rami sun kwanta gefe ɗaya, alhali namu a tsaye suke. Mukan yi masa dariya a kan haka, mu ce ko dutse ya koya masa karkata.

Yana da wata ɗabi'a da muka fara ɗauka wauta ce. Kullum da safe, kafin ya taɓa dunƙule, sai ya kurɓi ruwa ya fesa wa jikin ginshiƙi, ya tsaya yana kallo har ya bushe. Ashe ruwa yakan bushe ko'ina amma ya daɗe a kan jijiya, wato ɓoyayyar tsaga, ya bar siririn baƙin zare. Sau biyu wannan fesa ruwa ta ceci aikin wata da watanni tun ba a yi nisa ba. Wani lokaci kuma ya ɗora haƙoransa a kan dutse ya ce wani ya ƙwanƙwasa can nesa da guduma ta itace, ya ce lafiyayyen dutse a haƙori ake jinsa.

Wajmose, shugaban ƙungiyarmu, yakan ce, "Karkatacce, wata rana sai ka bar haƙoranka a nan."

"Maigida, ai gara nan. Gurasar da Yaya ke toyawa ta fi wannan tauri, ka tambayi mijinta."

A shekarar da abin ya faru, sarki ya aiko a yanko masa ginshiƙi mai tsini, dutse guda, kamu arba'in, wanda za a kafa a ƙofar gidan bauta a can arewa a lulluɓe kansa da zinariya. Mutum ɗari da talatin muka shiga rami. Dole a gama a janyo shi bakin kogi kafin ambaliya ta janye, in ba haka ba jirgin da zai ɗauke shi ba zai samu ruwan tashi ba sai baɗi. Wata bakwai muna yi. Wajmose ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa in aka gama wannan, Penbuyi zai karɓi igiya, domin mai igiyarmu ya tsufa. Na yi masa murna da baki.

Ni kuwa a lokacin wuyan hannuna ya kumbura. Duk kwana goma akan zura sanda a wurin kowa a ga zurfinsa, kuma sau uku a jere ni ne na baya. Wurina ya zama tudu a tsakiyar rami, mutane na taka shi suna tsaki.

Penbuyi ya ce, "Mijin Yaya, tudun nan naka, albasa za ka shuka a kai ne? In haka ne a ba ni labari in kawo iri."

Aka kwashe da dariya. Da muka zauna cin gurasa da busasshen kifi kuwa, sai ya matso ya rage murya. "Hannun nan ya ƙi, na gani. Bari in riƙa ci maka tafi ɗaya ta gefena, ba wanda zai lura."

Na ce, "Ni za ka taimaka wa? Da wace kafaɗar?"

Ya ɗaga hannu biyu. "Maida wuƙar. Tudunka ne, ka ji daɗinsa."

Da na amsa masa a ranar, da yanzu labarin wani abu nake ba ku. Girman kai ne ya hana ni, ba wani abu ba. Mutumin da aka ce za a ba igiya, ƙanin matata, mai kafaɗa ɗaya, shi zai rufa mini asiri? Na ji gara komai da wannan.

Ranar bikin Anuket, uwargijiyar kogi, da ruwa ya fara hawa, duk garin ya tafi bakin ruwa da ganguna, ana jefa mata furanni da gurasa. Na ce wa Tameket cikina ke ciwo. Da tsakar rana na hau mafasa ni kaɗai, da tukunyar garwashin bagaruwa da salkar ruwa. Kowa ya san wuta na ruguza jan dutse, ka gasa shi ka watsa masa ruwa sai ya yi laushi ya riƙa ɓarewa. Ana yin haka a can sama, a dutsen da za a zubar. A cikin rami kuwa, kusa da jikin ginshiƙi, an hana, kuma ko sabon shiga ya san dalili. Na ce wa kaina kaɗan zan sa, a tsakiyar tudun kawai.

Na juye garwashin, na fifita, na jira har dutsen ya ƙi taɓuwa. Na watsa ruwa. Tururi ya tashi, sannan na ji wata ƙara, ba babba ba, kamar an taka busasshen kara. Da tururin ya wuce na ga tsagar. Ta taso daga ƙasan rami ta hau jikin ginshiƙi, siririya kamar gashi, ta shige ciki. Tana cikin wurina, kusa da iyakarmu da Penbuyi, bai fi tafi ɗaya da 'yan yatsu daga jan layi ba.

Ban yi dogon tunani ba, kuma kada wani ya ce ruɗewa ce, domin ruɗaɗɗe ba ya aiki da tsari irin wanda na yi. Na dake inda ya ƙone, na kwashe toka da ɓaraguzai na zubar a bayan tsauni, na goge baƙin da yashi. Sannan na ɗauki yashi da ruwa na kankare jan layin nan tas. Na ɗauko igiya da kaskon jar ƙasa daga rumfar mai igiya, na buga sabon layi, tafi biyu zuwa hagu. Tsagar ta koma wurin Penbuyi. Na watsa wa layin ƙura don ya tsufa. Na sauka bakin kogi na sha giya tare da mutane.

Washegari Penbuyi ya sauko rami yana hamma, ya kurɓi ruwa ya fesa kamar kullum. Ina durƙushe a gefensa, na kasa ɗaga kai. Ruwan ya bushe ya bar baƙin zare. Waƙar da ke bakinsa ta tsaya. Na ga ya bi zaren da yatsa har ƙasa, ya dubi jan layi, ya dubi ƙasan rami, ya daɗe yana dubawa. Na gefensa na dama ya leƙo ya ƙwala ihu, nan da nan kowa ya ajiye dunƙule.

Wajmose ya sauko da kansa. Ya zura ƙaya a tsagar ya zaro, ya shinshina, ya shafa a tafin hannu. Baƙi ne. Abin da na goge na sama ne, hayaƙi ya riga ya shige ciki.

Ya ce, "An sa wuta a nan." Ya ɗago kai. "Wurin wane ne?"

Tambayar banza ce, layi yana gabansa. Ya juya ga Penbuyi. "Karkatacce? Kai? Kai da ke fesa masa ruwa kamar jariri? Ina ka je jiya?"

Penbuyi ba ya son taro, duk ranar biki yakan ɗauki fatsa ya tafi bayan duwatsu shi kaɗai. Ba shi da shaida. Amma ba ya buƙatar shaida, abin da kawai zai ce shi ne a dubi guraben ƙasa. Ya juyo ya kalle ni, kallo ɗaya, ba fushi a ciki. Sannan ya ce, "Maigida, layi ai ba ya ƙarya. Wurina ne."

Ina nan. Bakina yana nan. Ban ce uffan ba.

Wakilin sarki ya zo bayan kwana uku, ya sa aka bi tsagar aka ga ta ratsa har tsakiya. Aikin mutum ɗari da talatin na wata bakwai ya tashi a banza. Aka kwantar da Penbuyi a bakin rami aka yi masa sanda ɗari a gabanmu. Wajmose ya durƙusa ya roƙa kada a tura shi ramin zinariya na kudu, inda ba a dawowa, aka amsa masa saboda ginshiƙai biyu da ya taɓa ceta. Amma aka ce a cire shi daga ƙungiya, a kuma share sunansa.

Akwai wani falalen dutse a bakin kogi inda ƙungiyarmu ke sassaƙa sunayen mutanenta, don masu wucewa a jirgi su karanta su faɗa, ko bayan mutum ya tafi yamma, wurin matattu. Wanda aka daina faɗin sunansa ya mutu sau biyu, wannan ko yaro ya sani. Al'ada kuma ita ce ɗan'uwa ke share suna, don kada a ce ƙiyayya ce. Penbuyi ba shi da wa, ba shi da ƙane. Wajmose ya miƙo mini dunƙule ya ce, "Yi haƙuri, Seba. Na san da zafi." Na karɓa. Da wannan kumburarren hannun da ya kasa cin tudu na dake sunansa har ya zama gurbi, kuma hannun bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Bana, bayan rasuwar Tameket, na sa wani marubuci ya zana mini shi a ƙarƙashin gurbin, na bi na sassaƙa da kaina. Hannu ya tsufa, sunan ya fito a karkace. Masu jirgi na yanzu ba su san ko wane ne ba.

A gida Tameket ta wanke masa bayansa da ruwan ɗumi, tana shafa zuma a raunukan tana zaginsa tana kuka.

"Ragon banza! Me ya kai ka? Igiya ce fa za a ba ka! Yanzu da wane ido zan je ɗiban ruwa? Ka dubi mijina, hannunsa a kumbure amma bai taɓa neman hanyar ɓarayi ba!"

Yana kwance rub-da-ciki ya ce, "Yaya, a hankali. Sandar sarki ma ba ta kai hannunki ba."

Na fita waje na tsaya a bayan gida kamar wanda ake nema.

Da ya warke aka ba shi jaki da salkuna, ya zama mai kai ruwa mafasa. Shekara goma sha tara ya yi a haka. Yarinyar da ya yi niyyar aure, ubanta ya ce ba zai haɗa jini da wanda ya fasa dutsen sarki ba, bai kuwa sake neman wata ba. Ya raɗa wa jakin suna Ranka Ya Daɗe, don a cewarsa shi ma ba ya motsi sai an roƙe shi. Igiya kuwa ni aka ba. Bayan mutuwar Wajmose na zama shugaban ƙungiya. Ginshiƙi huɗu na fitar lafiya, kuma kowace safiya ina sa a fesa ruwa a jira ya bushe. Matasa suka riƙa ce wa abin dabarar Seba. Na ji su da kunnena, ban gyara musu ba.

Shi kuwa kullum in ya iso da ruwa ni yake fara zuba wa. "Mijin Yaya, sha. Riƙe igiya ai aiki ne, kar ka suma." In na ce ya zo gida cin abinci sai ya zo, ya yi wa 'ya'yana wasa, Tameket ta cika masa akushi tana yi masa gori. Ba ta taɓa barinsa da yunwa ba, ba ta kuma taɓa barinsa ya manta ba. In yaro ya yi ɓarna sai ta ce, "Ci gaba, ka bi sahun kawunka."

Sau nawa na buɗe baki? Na daina tunawa. Wata rana har na bi shi rijiya na ce, "Penbuyi, akwai maganar da nake so mu yi." Ya ce, "In ta auren jakin nan ce, ya riga ya yi alkawari." Na yi dariya, na ji sanyi a raina cewa ya katse ni, na koma. A raina ina cewa bai sani ba, ya ɗauka wani maƙiyi ne ya sa wutar a wurinsa. Da wannan ƙaryar nake samun barci.

Ƙurar dutse ta cinye idanunsa kamar yadda take cinye na yawancinmu. Da ya daina gani gaba ɗaya muka dawo da shi gidanmu. Ya rame, tari ya kama shi. Wata safiya Tameket ta tafi kasuwa, sai ya ce, "Mijin Yaya, kai ni in gaida tsohuwar budurwata."

Na gane abin da yake nufi. Ginshiƙin yana nan kwance inda muka bar shi, yashi ya cike rabin ramin. Na ɗora shi a jaki muka hau. Na riƙe shi muka sauka a hankali. Ya ce in kai shi wurinsa. Ruwa da iska sun daɗe da cinye jan layin, amma ni ko a mafarki na san wurin. Ya durƙusa ya share yashi da hannu biyu har ya taɓa dutse. Sai na ga fuskarsa ta sake, ya fara shafa guraben ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ga wannan? Nawa ne. Dubi yadda ya kwanta, kamar mai shi. Wannan ma nawa. Kai, na iya aiki fa! Wannan ma." Hannunsa ya ci gaba zuwa hagu, ya tsaya. "Wannan kuwa a tsaye yake ƙyam, kamar mai jiran a gaishe shi. Naka ne. Wannan ma naka." Ya ɗaga yatsa kaɗan ya ɗora a kan tsagar. "Ga ta nan a tsakiyarsu."

Na zauna a yashi. Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin ruwan ya gama bushewa. Haba, mijin Yaya. Shekara goma sha ɗaya ina durƙuso a wuri, a ƙara mini tafi biyu in kasa sani? Layin ma ka buga shi a miƙe fiye da na tsohon. A ranar na ce lallai wannan zai iya riƙe igiya."

Kuka ya ƙwace mini, ni tsoho, shugaban mutum ɗari. Na ce, "Me ya hana ka magana? Kalma ɗaya ce!"

"Na kusa. Ta zo har nan." Ya taɓa maƙogwaronsa. "Sai na tuna Yaya tana da ciki, ga biyu a ƙasa. Kai ba ka taɓa ceton ginshiƙi ba, ba mai durƙusawa dominka, kudu za ka tafi. Ni kuwa daga ni sai fatsata." Ya yi tari ya huta. "Amma kar in yi maka ƙarya. Da ana dukana ina ta sauraro, na ce yanzu zai ce a tsaya. Har sanda ta arba'in ina sa rai. Daga nan na daina."

Wannan maganar ba ta bar ni ba har yau. Firistocin gidan bauta sun ce a can yamma ana ɗora zuciya a ma'auni. Ni ban damu da abin da ma'auni zai ce ba, na riga na ji hukuncina a cikin wannan ramin.

Na kama hannunsa na ce, "Yau zan faɗa. Zan tara ƙungiya, zan mayar da sunanka a dutse, na rantse da ubangijinmu Kunum."

Ya fizge hannun. A karo na farko na ji fushi a muryarsa. "Ka faɗa wa wa? Wajmose ya tafi. Waɗanda suka ga dukan saura nawa? Yaya kaɗai ta rage. Shekara goma sha tara tana tafiya da kai a sama saboda kai. Yanzu da tsufanta za ka karɓe mata miji ka miƙa mata makahon ƙane? Don kai ka samu sauƙi? A'a. Na ɗauki nawa, kai ma ɗauki naka. Muddin tana numfashi, bakinka a rufe. Rantse."

Na rantse. Ya lalubo kafaɗata ya dafa ya miƙe. "To tashi ka share majina. In ta ga idonka ja za ta ce giya na kai ka sha."

Bai kai ƙarshen watan ba. Muka naɗe shi da lilin mafi kyau da na iya samu, muka haye da shi yamma, muka sa masa gurasa da tulun giya da fatsarsa. Na saka masa dunƙule ɗaya a gefen hannu ba tare da kowa ya gani ba. Mutanen mafasa da suka zo ba su cika goma ba, kuma duk mai ruwa suke ce masa.

A kwalekwale muna dawowa, Tameket tana zaune kusa da ni, idanunta sun kumbura. Ba ta cika taɓa ni a gaban mutane ba, amma ranar ta ɗora hannunta a kan nawa, a daidai wuyan hannun.

Ta ce, "Seba, ban taɓa yi maka godiya ba. Ya jawo mana abin kunya, ya sa ka share sunansa da hannunka, amma ba ka taɓa goranta masa ba ko sau ɗaya. Ka ciyar da shi, ka ɗauke shi a gidanka. Ba kowane namiji zai yi wa ƙanin matarsa haka ba."

Mai fito yana tuƙi, 'ya'yanmu suna saurare. Ta zuba mini ido tana jiran amsa.

Na ce mata, "Ba komai."